Me ya sa awon ƙwaƙwalwa da hasken infirared ke bambanta daga zama zuwa zama, kuma ta ina ake fara gyara?

Tambaya: Wata ɗaliba da ke karatun digiri na uku a fannin nazarin ƙwaƙwalwa ce ta aiko da wannan tambaya. Ta auna manyan mutane masu lafiya da na'urar fNIRS, wadda ke auna jinin ƙwaƙwalwa da hasken infirared, a goshi, suna furta kalmomin da suka fara da harafin da aka ba su, sannan ta sake auna su bayan mako guda. Da ta haɗa sakamakon jama'ar gaba ɗaya sai zaman biyu suka yi kama da juna, amma da ta duba su ɗaya bayan ɗaya sai ta tarar wasu da suka nuna ƙaruwar jini sosai a zaman farko ba su nuna komai ba a na biyu. Duk tashoshin da ke hular na'urar, wato kowace mafitar haske haɗe da makarɓin da ke karɓar hasken, masu tazarar santimita 3 ne. Tana son sanin ko na'urar ce ke da matsala, da kuma abin da za ta yi domin awon ya zama abin dogaro.

Amsa: Malama, da wuya ƙwarai a ce laifin na'urarki ne, domin abin da kika gani shi ne abin da masu wannan aiki suka daɗe suna gani. Tun a 2006 Michael Plichta da abokan aikinsa a Wurzburg ta ƙasar Jamus suka auna mutane sau biyu a aikin kallo, suka tarar sakamakon rukuni yana maimaituwa da kyau amma na mutum ɗaya bai kai haka ba. A 2008 Martin Schecklmann da abokansa, a wannan gari dai, suka sami makamancin hakan a aikin kawo kalmomi, wato irin aikin da kike ba mutanenki. A ganina mafi yawan wannan bambanci yana shigowa ne tun kafin a danna maɓallin fara ɗauka: daga inda hula ta zauna, daga yadda bakin haske, wato kan mafita ko na makarɓi, ya taɓa fata, daga jinin fatar kai, da kuma yadda aka tsara aikin. Manhaja tana iya rage wani abu daga ciki, amma ba ta da ikon dawo da hasken da bai isa ƙwaƙwalwa ba tun farko.

Domin a ga dalilin haka sai an tuna da abin da na'urar take aunawa. Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ne ya nuna a 1977 cewa haske mai tsawon zango tsakanin kimanin nanomita 650 zuwa 950, wanda yawancinsa ya wuce ja har ido ba ya ganinsa, yana iya ratsa fata da ƙashi ya fito da labarin oksijin da ke cikin nama. A 1993 ƙungiyoyi daban-daban a Japan da Jamus da Amurka suka wallafa cewa ana iya ganin aikin ƙwaƙwalwa da shi. Himogulobin mai ɗauke da oksijin, da ake taƙaitawa HbO, da wanda ya sauke oksijin, wato HbR, suna shan haske daidai da juna a wajen nanomita 800, amma sun bambanta a ƙasa da hakan da sama da shi. Shi ya sa na'urori ke amfani da haske iri biyu, kamar 695 da 830 a Hitachi ETG-4000, ko 760 da 850 a na'urorin NIRx. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki jini yana ƙaruwa a wurin fiye da oksijin da ake buƙata, sai HbO ya hau, HbR ya ɗan sauka, abin ya kai ƙololuwa bayan sakan 5 ko 6, ya ɗauki kusan sakan 15 zuwa 20 kafin ya lafa. Saboda haka jini ake aunawa, ba tartsatsin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba, kuma na'urorin da suka fi yawa a hannun jama'a canji kawai suke gani, ba su san ainihin yawan himogulobin da ke wurin ba.

Babbar matsalar tana nan ne: hasken da ya fita daga mafita ya dawo ga makarɓi mai nisan santimita 3 ya ratsa fatar kai da ƙoƙon kai sau biyu, wajen shiga da wajen fita, kuma ɗan kaɗan ne daga tafiyarsa ke bi ta saman ƙwaƙwalwa. Fatar kai cike take da jijiyoyin jini waɗanda ke buɗewa da tsukewa idan mutum ya ji kunya, ko fargaba, ko zafi, ko ya matsa wa kansa tunani. Kamar mutum ne da ya tsaya a ƙofar gida yana son jin maganar da ake yi a ƙuryar ɗaki alhali ana hira a zaure: duk abin da ya iso kunnensa sai ya bi ta cikin hirar zauren. A 2011 Toshimitsu Takahashi da abokansa a Japan suka gwada wannan a aikin kawo kalmomi, suka nuna cewa babban kaso na canjin da ake gani a goshi daga jinin fata yake, har ma canjin ya kan ɓace idan aka danne fatar. A 2012 Evgeniya Kirilina da abokanta a Balin suka haɗa awon da hoton MRI, suka gano jijiyoyin jinin fatar goshi suna amsa aikin tunani da kansu, kuma HbO ne abin ya fi gurɓatawa. A 2013 Felix Scholkmann da abokansa a Suwizalan suka ƙara da wani abu da ya shafe ki kai tsaye: magana da baki tana sauya numfashi, tana rage iskar kabon dayoksaid a jini, wannan kuwa yana tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ko da tunanin bai canza ba. Mutumin da ya zo a tsorace ranar farko, yana ta zuba kalmomi ba ya ko sheƙar da numfashi, ya dawo bayan mako guda hankalinsa kwance, zai iya ba ki awo biyu mabambanta alhali ƙwaƙwalwarsa abu ɗaya ta yi.

Maganin da ya fi inganci a yau shi ne gajeriyar tasha, wato a sa wani makarɓi kusa da mafitar haske ta yadda hasken da zai iso shi bai nutse ya kai ƙwaƙwalwa ba, sai ya auna fata ita kaɗai, a cire abin da ya gani daga doguwar tasha ta hanyar lissafi. Rolf Saager da Andrew Berger na Jami'ar Rochester sun bayyana dabarar a 2005. Sabrina Brigadoi da Robert Cooper sun lissafa a 2015 cewa tazarar da ta fi dacewa ita ce milimita 8.4 ga baligi da milimita 2.15 ga jariri sabon haihuwa, abin da ke nuna cewa hular manya ba ta amfanar jarirai a wannan fanni. Louis Gagnon da abokansa a Boston sun nuna a 2012 cewa amfanin gajeriyar tasha yana raguwa da sauri idan ta yi nisa da doguwar tashar da ake son tsabtacewa, kuma ya fi kyau kada nisan ya wuce santimita 1.5, domin jinin fatar kai ba iri ɗaya yake tafiya a ko'ina ba. Don haka gajeriyar tasha guda a tsakiyar goshi ba ta wadatar ba. A rarraba su a hagu da dama, a kusa da wuraren da ake nazari. Idan da hali, a haɗa da awon bugun zuciya, da numfashi, da matsin jini, da kabon dayoksaid na ƙarshen numfashi. Da za a tambaye ni inda ɗakin bincike mai ƙaramin kuɗi zai fara kashe kuɗinsa, zan ce a gajerun tashoshi, tun kafin a yi tunanin ƙara yawan dogayen.

Akwai abin da ya kamata ki shirya masa a ranki tun yanzu, kuma shi ne ya fi damuna a yawancin rahotannin da nake karantawa. Maimaituwar awo ba ita ce gaskiyar awo ba. Mutumin da fatar goshinsa ke cika da jini duk lokacin da aka sa shi magana a gaban baƙo zai ba ki sigina babba, mai kyan gani, mai dawowa a kowane zama, amma ba daga ƙwaƙwalwa take ba. Idan kin cire jinin fata, mai yiwuwa ki ga siginar ta ƙanƙance, wasu tashoshin da kike alfahari da su su yi shiru. Kada hakan ya sa ki koma tsohuwar hanya. Ƙaramin sakamakon da ya fito daga ƙwaƙwalwa shi ne wanda wani mai bincike a wata ƙasa zai iya sake samowa, kuma shi kaɗai ne ya cancanci a gina hukunci a kansa game da lafiyar mutum. Darasin Japan yana nan: a 2009 aka amince da wannan awo a can a matsayin taimako wajen bambance cututtukan da ke zuwa da alamun baƙin ciki mai tsanani, aka shigar da shi inshorar lafiya a 2014, amma masana da dama sun yi ta gardama cewa hujjar ba ta kai ta yanke wa mutum ɗaya hukunci ba, kuma batun jinin fata yana cikin abin da suka kafa hujja da shi.

Abu na biyu shi ne zaman hula. Tasha ɗaya tana ganin yanki ne mai faɗin 'yan santimitoci, saboda haka idan hula ta goce da santimita 1 a zama na biyu, tasha mai lamba ɗaya tana kallon wani wurin daban, ko da sunanta a kwamfuta bai canza ba. A goshi abin ya fi tsanani, domin akwai kogon iska a cikin ƙashin saman gira wanda girmansa ya bambanta tsakanin mutane, kuma nisan fata da ƙwaƙwalwa yana canzawa daga wuri zuwa wuri. A bi tsarin 10-20 da Herbert Jasper ya wallafa a 1958 don awon wutar ƙwaƙwalwa: a auna da tef daga gindin hanci zuwa tudun ƙashin ƙeya, a auna daga gaban kunne zuwa gaban kunne, a sami tsakiyar kai, a auna kewayen kai a zaɓi hular da ta dace, a rubuta lambobin, a kuma yi amfani da su a zama na gaba. A ɗauki hoton kan daga gaba da gefe da sama a kowane zama, da izinin mai shi. Inda akwai na'urar ɗaukar matsayin kowane baki a sarari, kamar Polhemus, ko hanyar gina siffar kai daga hotunan waya, a yi amfani da ita, sannan a duba a manhajar AtlasViewer ko fOLD wane sashe kowace tasha take gani. Sergio Novi da abokansa a Campinas ta Barazil sun nuna a 2020 cewa mayar da bakunan haske daidai wurinsu da taimakon na'urar jagora ya inganta maimaituwar awon mutum ɗaya a aikin motsa hannu. Haka kuma haɗa tashoshi uku ko huɗu da ke kan sashe guda a ɗauki matsakaicinsu ya fi tasha ɗaya tsayuwa, muddin an zaɓi sashen kafin a ga sakamako. Huluna masu cunkoson tashoshi da ke haɗuwa da juna, irin waɗanda ƙungiyar Joseph Culver ta gina a St. Louis ko LUMO ta kamfanin Gowerlabs, suna rage wannan matsala sosai, sai dai suna da tsada.

Batun gashi da launin fata ina so in tsaya a kansa, domin idan mutanen da kike aunawa namu ne, shi ne zai fi cin lokacinki. Sinadarin melanin da ke fata da gashi yana shan wannan haske, musamman mai gajeren zango na wajen nanomita 690 zuwa 760. A na'urar da canji kawai take aunawa, shan hasken da ba ya canzawa ba ya karkatar da lissafi kai tsaye, amma yana rage hasken da ke dawowa, sai hayaniyar na'ura ta yi yawa a kan siginar, kuma HbR, wanda ya fi dogara da gajeren zangon, yakan fi shan wahala. Gashi baƙi mai kauri da cika ya fi fata tare haske, domin yana ɗaga bakin hasken daga fata gaba ɗaya. Jasmine Kwasa da abokanta sun yi ƙorafi a 2023 cewa rahotanni da yawa ba sa faɗin launin fata ko irin gashin waɗanda aka auna, balle na waɗanda aka fitar daga bincike saboda siginarsu ba ta yi kyau ba, kuma a 2025 Meryem Yücel da abokanta a Jami'ar Boston suka auna mutum 115 suka nuna yadda duhun fata da yawan gashi ke rage ingancin sigina. Wanda ya tuna binciken Michael Sjoding na 2020, da ya nuna na'urar auna oksijin ta yatsa tana kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata, zai gane cewa ba ƙaramar magana ba ce a bar na'urar haske ba a gwada ta a kan irin jikinmu ba.

Abin daɗi shi ne gyaran nan yawancinsa na hannu ne. A roƙi mutum ya wanke kai, kada ya shafa mai ranar awo. A ware gashi a ƙarƙashin kowane baki da ɗan tsinken roba har a ga fata, a yi amfani da bakuna masu sifirin da ke dannawa a hankali, amma kada a matse hular har ta sa ciwon kai ko ta hana jinin fata tafiya. Ga mata, kitso yana iya zama taimako maimakon cikas idan aka tsara shi ta yadda tsagar za ta bi layin da bakunan za su zauna. Ƙungiyar Arnelle Etienne da Pulkit Grover a Jami'ar Carnegie Mellon ta yi amfani da wannan tunani a 2020 don awon wutar ƙwaƙwalwa, kuma duk mai kitson da ta iya aikinta za ta fitar da tsarin idan aka zana mata. A tanadi ɗaki mai sirri da mace mai sa hula, domin matar da aka sa ta cire ɗankwali ko hijabi a gaban baƙon namiji ba za ta natsu ba, kuma rashin natsuwar zai bayyana a jinin goshinta. A rufe hular da baƙin ƙyalle, domin hasken rana cike yake da infirared. Cewa aikin yana yiwuwa a yanayinmu ba zato ba ne: Clare Elwell da Sarah Lloyd-Fox da Sophie Moore sun kai na'urar ƙauyen Keneba a Gambiya a 2013 suka auna jarirai, suka wallafa sakamakon a 2014, daga baya aikin ya zama shirin BRIGHT da ya bi jarirai kimanin 200 a can tare da wasu a Kambirij ta Ingila.

Kafin a fara ɗauka a tabbatar kowace tasha tana nuna bugun zuciya. Luca Pollonini na Jami'ar Houston ya gabatar a 2014 da ma'aunin haɗuwar baki da fata, wanda ke duba ko bugun zuciya ya bayyana iri ɗaya a haske biyun, da iyakar 0.75 a matsayin abin karɓa. Gyaran minti 10 a wannan lokaci ya fi duk wata tacewa ta daga baya. Sai dai ki sani bugun yana tabbatar da cewa baki ya taɓa fata ne, ba ya tabbatar da cewa haske ya isa ƙwaƙwalwa.

Daga nan sai tsarin aikin kansa. A jikin mutum akwai wani hawa da sauka na matsin jini da ke zagayowa kusan kowane sakan 10, wanda ake kira da sunan Siegmund Mayer da ya bayyana shi a 1876. Bugun zuciya yana da sauƙin tacewa domin ya fi amsar ƙwaƙwalwa sauri nesa ba kusa ba, amma wannan igiya ta Mayer tafiyarta ta yi kusa da ta amsar ƙwaƙwalwa, ta yadda matatar da za ta share ta za ta tafi da wani ɓangare na abin da ake nema. Idan aiki da hutu suna zagayowa a kan sakan 10 ko 20 daidai, igiyar tana iya hawa kan aikin a wani zama ta ƙara masa girma, ta kauce masa a wani zama ta rage shi. A bambanta tsawon hutu daga zagaye zuwa zagaye, a bar isasshen lokaci jini ya koma yadda yake, a kuma maimaita aikin sau da yawa. Tsarin nan na asibitocin Japan mai zagaye ɗaya na sakan 60 yana da sauƙin gudanarwa, amma awo ɗaya tak ba ya ba da damar raba amsa da hayaniya a mutum ɗaya. A lokacin kwatanci, wato hutun da ake kwatanta aikin da shi, kada mutum ya yi shiru. A sa shi ya riƙa furta wani abu marar wahala, kamar ƙirga ko jera ranakun mako, domin motsin muƙamuƙi da numfashi su kasance a ɓangarorin biyu. Sannan akwai sabo: wanda aka ba harafi ɗaya a zaman biyu ya riga ya yi bita. A canza haruffa, amma a daidaita nauyinsu, kuma idan da Hausa ake aikin a tuna cewa kalmomin da suka fara da m ko k sun fi na ɓ ko 'y yawa ƙwarai, don haka ba za a musanya su a ce aiki ɗaya aka bayar ba.

Yanayin jikin mutum a ranar awo ma sai an kula da shi. A auna shi a lokaci ɗaya na yini, a zaune iri ɗaya, a ɗaki mai sanyi iri ɗaya, bayan ya huta na 'yan mintoci. Sinadarin kafeyin yana tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, kuma takardun tambaya da aka kwafo daga Turai kofi suke ambata, alhali a wurinmu goro da shayi ne suka fi kawo shi. A tambayi barci, da azumi, da taba, da magunguna, da zazzaɓin kwanan nan. Ƙarancin jini da cutar sikila suna sauya yawan himogulobin da saurin gudun jini a ƙwaƙwalwa, saboda haka ya kamata a san matsayin mutum a kansu kafin a kwatanta shi da wani.

Game da motsi ba zan tsawaita ba. Ɗaga gira da tauna da juya kai suna girgiza bakunan haske su bar tsalle a sigina. Akwai hanyoyin gyara sanannu, kamar ta Scholkmann ta 2010, da ta Molavi da Dumont ta 2012, da TDDR ta Frank Fishburn ta 2019, kuma kwatancen da Brigadoi ta jagoranta a 2014 ya nuna cewa gyara ya fi zubar da zagayen gaba ɗaya. A ɗaure wayoyi kada su ja hula, a sa ma'aunin motsi a kai idan akwai.

A wajen ƙididdiga akwai kuskuren da ke haifar da sakamakon ƙarya mai yawa. Na'ura tana ɗaukar awo kusan sau 10 a sakan, kuma kowane awo yana da dangantaka da wanda ya gabace shi, amma lissafi na yau da kullum yana ɗaukarsu kamar shaidu masu zaman kansu, sai ya ba da tabbacin da bai kamata ba. Hanyar AR-IRLS da Jeffrey Barker da Theodore Huppert da abokinsu suka fitar a Pittsburgh a 2013, wadda ke cikin manhajar NIRS Brain AnalyzIR, an yi ta ne don wannan, kuma manhajar MNE-NIRS ma tana da hanyar magance shi. A gyara lissafi don yawan tashoshin da aka gwada. A bayar da rahoton HbO da HbR duka biyu, domin idan sun hau tare ko sun sauka tare alama ce ta cewa jinin jiki ne ke magana. A tuna kuma cewa dokar Beer da Lambert da ƙungiyar David Delpy ta gyara a Landan a 1988 tana buƙatar adadin da ke nuna yadda haske ya yi yawo a cikin kai, wanda ake ɗauka kusan 6 ga baligi, alhali yana canzawa da shekaru da wuri da zangon haske. Saboda haka girman siginar wani ba ya kwatantuwa kai tsaye da na wani. Ma'aunin ICC da ake auna maimaituwa da shi, wanda aka saba kiran sama da 0.75 nagari ƙwarai da ƙasa da 0.4 mai rauni, yana kwatanta bambancin da ke tsakanin mutane ne da jimillar bambanci. Idan mutanenki ɗalibai ne sa'o'in juna masu kama da juna, ICC zai iya yin ƙasa ko da awon bai yi muni ba, don haka ki haɗa shi da girman kuskuren awo da kuma hoton da ke nuna zama na farko a gefen na biyu ga kowane mutum.

Zaɓin mai nazari shi ma wata kafa ce ta bambanci. A binciken FRESH da aka wallafa a 2025 an ba ƙungiyoyi 38 bayanai iri ɗaya, kusan kashi 80 cikin 100 suka yi ittifaƙi a sakamakon rukuni inda hasashen ke da tushe mai ƙarfi, amma a matakin mutum ɗaya saɓanin ya fi yawa, kuma yana raguwa idan bayanan suna da inganci. Ki rubuta matakan nazarinki kafin ki buɗe bayanai, ki bi ƙa'idojin rahoto da Yücel da abokanta suka fitar a 2021 a mujallar Neurophotonics, ki adana bayanai a tsarin SNIRF, ki faɗi mutum nawa da tasha nawa kika fitar da dalilin fitarwa.

Bayanan da ke hannunki yanzu ba su zama asara ba. Ki lissafa ma'aunin haɗuwar baki da fata ga kowace tasha a zaman biyu, ki duba ko waɗanda sakamakonsu ya ɓace su ne waɗanda haɗuwar ta yi rauni. Tunda babu gajerun tashoshi, ki cire abin da dukkan tashoshi suka yi tarayya a kansa, kina sane cewa hular da goshi kaɗai ta rufe tana iya sa wannan hanya ta tafi da wani ɓangare na amsar gaskiya. Ki ba HbR muhimmanci, ki yi nazari a matakin sashe, ki taƙaita ikirarinki a matakin rukuni. Kafin ki ɗauki sababbin mutane kuma ki yi ɗan gwaji da abokan aikinki kaɗan: ki auna kowannensu sau biyu ba tare da an cire hula ba, ki cire ta ki mayar ki sake aunawa a ranar, sannan ki sake bayan mako guda, kina haɗawa da aikin buga yatsu da tashoshi a saman sashen motsi, domin amsarsa sananniya ce. Idan awo biyun farko sun saɓa, matsalar tana ga haɗuwar baki da fata ko ƙarancin zagaye. Idan saɓanin ya fara ne bayan an mayar da hula, zamanta za ki gyara. Idan kuwa sai bayan mako ya bayyana, ki koma kan yanayin jiki da sabo da haruffan da kika bayar.